Yadda Ake Bin Hanyar Takoradi Zuwa Alƙahira a Kwamfuta da Kamfas da Agogo

A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi cikin wannan watan. Nan take Bahar Rum ta zama wuta ga jiragen ruwan Ingila, ga shi sojojinta da ke Masar suna neman jiragen yaƙi ruwa a jallo. Dabarar da aka yi ita ce a kwance jiragen a zuba su cikin akwatuna, a kawo su ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan matuƙa su ratsa Afirka da su: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), Janaina, Alfashir, Al'ubayyid, Hartum, Wadi Halfa, har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kafin yaƙi ya ƙare kuwa dubban jirage sun bi ta nan. Tafiyar kusan kilomita 5,800 ce, takan ci kusan mako guda.

Yawancin masu tuƙin jirgi a kwamfuta, in aka ce jiragen yaƙin duniya, hankalinsu yana komawa ga harbe-harbe a sararin Landan ko Stalingrad. Amma wannan hanya da ta bi ta kanmu ta fi koya wa mutum abin da matuƙan zamanin suka sha, bisa sharaɗi guda: ka kashe GPS. In akwai ɗan jirgi yana tafiya a kan taswira yana nuna maka inda kake, yawon kallo kawai kake yi. Abin da za mu yi a nan shi ne tafiya da kamfas da agogo da takarda, kamar yadda suka yi.

Zaɓen manhaja

Abin da kake buƙata shi ne manhajar da ke ɗauke da duniya baki ɗaya. Wannan ya fitar da DCS World da War Thunder daga lissafi, don taswirorinsu ba su kawo Afirka ta Yamma ba. IL-2 Sturmovik: Cliffs of Dover yana da jiragen yaƙin Ingila Hurricane da Blenheim masu kyau, akwai kuma ƙarin taswirar Tobruk, amma can ne inda jiragen suke zuwa su yi yaƙi, ba hanyar da suke bi ba.

Microsoft Flight Simulator na 2020 yana da kyan ƙasa ƙwarai, za ka ga hanyar mota da gulbi da gari kusan yadda suke, kuma tun 2022 aka saka jirgin DC-3 a cikinsa kyauta. Matsalarsa yana cin data, yana kuma son kwamfuta mai ƙarfi. Wanda kwamfutarsa ta kwana biyu, FSX, wato tsohon Microsoft Flight Simulator X da ake sayarwa a kasuwar wasanni ta Steam, ya ishe shi: yana da DC-3 tun asali, in an gama saka shi kuma ba sai da intanet ba. Ƙasarsa dai ba ta da cikakken bayani, wani garin sai ka ga gidaje kaɗan kawai. FlightGear kyauta ne gaba ɗaya, akwai Hurricane da DC-3 cikin jiragen da ake saukewa. X-Plane ma zai yi.

Wajen kayan aiki, sandar tuƙi mai murɗawa ta wadatar, wato wadda in ka murɗa ta take juya jelar jirgi. Da madannai zalla za ka wahala, domin duk jiragen nan masu ƙaramar taya a baya ne, kuma irinsu a ƙasa ba sa yafe wa mai nauyin hannu.

Zaɓen jirgi

Ayarin asali yakan ƙunshi Blenheim ɗaya mai inji biyu a gaba, ɗauke da mai lissafin hanya, shi ne madugu, sai Hurricane biyar ko shida suna biye da shi. Matuƙin Hurricane shi kaɗai ne a jirginsa, aikinsa kada madugu ya ɓace masa. Man da Hurricane ke ɗauka a cikinsa galan 94 ne na Ingila, wanda da ƙyar zai kai shi daga Legas zuwa Kano, shi ya sa ake ɗaura masa ƙarin tanki biyu a ƙarƙashin fikafikai. In samfurin da ke kwamfutarka ba shi da waɗannan tankuna, sai ka ƙara zango a Minna ko Kaduna.

Shawarata ka fara da DC-3. Ba yaudara ba ce, don daga ƙarshen 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya riƙa zirga-zirga da irinsa a wannan hanya yana ɗaukar kaya da mutane. Yana da natsuwa a sama, in ka daidaita shi zai ba ka damar duba takarda da yin lissafi, mansa kuma ya ishi kowane zango da rara. In hannunka ya faɗa, sai ka koma Hurricane.

Abin da za ka kashe da abin da za ka kunna

Shiga saitin manhajar ka kashe taswira mai nuna inda kake, da alamomin da ke shawagi a kan filayen jirgi da garuruwa, da man da ba ya ƙarewa, da taimakon juya jela. Ka kunna lalacewar inji idan an matsa masa, da zamewar jairo. Jairon nan shi ne gejin da ke nuna fuskar da jirgi ya dosa. Ya fi kamfas natsuwa, amma a hankali yakan zame, sai an riƙa daidaita shi da kamfas duk bayan minti 15, lokacin da jirgi ke tafiya miƙe ba ya juyi ba ya hawa. A FSX harafin D yana gyara shi nan take. Ka manta da wannan harafin, ka murɗa maɓallin da hannunka.

Na'urorin rediyo masu nuna hanya irin na yau, ka bar su a kashe. Matuƙi mai sarrafa kansa kuwa, DC-3 yana da nasa irin na da wanda ke riƙe jirgi a miƙe kawai. Wannan ba laifi a doguwar tafiya, tunda ba ya gaya maka inda kake.

Takardar tafiya

Ka buɗe taswirar matuƙa irin ta SkyVector ko Little Navmap don aune-aune kawai, kada ka haɗa shi da manhajar tuƙin. Nisa a nan da mil ɗin teku ake faɗa, gudu kuma da not, wato mil ɗin teku ɗaya a awa. Ga zangunan, da lambar kowane fili ta yau, da kimanin nisa da fuska:

Takoradi DGTK zuwa Legas DNMM, mil 320, digiri 072. Legas zuwa Kano DNKN, mil 450, digiri 043. Kano zuwa Maiduguri DNMA, mil 268, digiri 092. Maiduguri zuwa Njamena FTTJ, wato Fort Lamy ta da, mil 116, digiri 082. Njamena zuwa Janaina HSGN, mil 442, digiri 080. Janaina zuwa Alfashir HSFS, mil 167, digiri 087. Alfashir zuwa Al'ubayyid HSOB, mil 288, digiri 096. Al'ubayyid zuwa Hartum, mil 199, digiri 043. Lambar Hartum HSSS ce a tsofaffin manhajoji, HSSK a sababbi. Hartum zuwa Wadi Halfa HSSW, mil 377, digiri 351. Daga nan sai arewa sak zuwa Alƙahira HECA, mil 500.

Waɗannan digirori daga arewa ta gaskiya aka auna su, ba ta kamfas ba. A Najeriya ta yau bambancin ɗan kaɗan ne, kana iya ƙyale shi. Amma da ka doshi Sudan da Masar yana ƙaruwa zuwa 'yan digirori ta gabas, sai ka duba adadin a taswira ka cire shi daga abin da ka auna.

A takarda ka ja layuka: sunan alama, nisanta, fuskar da za ka riƙe, lokacin da kake sa ran isa, da gurbin da za ka rubuta lokacin da ka isa da gaske. Gurbin ƙarshen nan shi ne ke gaya maka ko iska ta cika alkawarinta.

Fara da Kano zuwa Maiduguri

Kada ka fara daga Takoradi. Ka fara gwaji da wannan zangon na awa biyu, domin duk abin da za ka buƙata a sauran tafiyar yana cikinsa, kuma ƙasa ce da yawancinmu mun san sunayen garuruwanta.

Kano ba baƙuwar jirgi ba ce tun kafin yaƙi. A Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku ƙirar DH.9A suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa, shugabansu kuwa Arthur Coningham ne, wanda daga baya ya zama kwamandan rundunar jiragen sama ta hamada a Arewacin Afirka, wato shi ne ya riƙa karɓar jiragen da ke bin hanyar da ya share. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Shi ya sa da yaƙi ya zo, filayen suna nan, faɗaɗa su kawai aka yi.

Saita rana a watan Disamba, ƙarfe bakwai na safe. A karon farko ka bar sama garau, iska daga digiri 045 mai gudun not 20, irin ta hunturu ke nan. Hazo sai a karo na biyu.

Layin da ya miƙe daga Kano zuwa Maiduguri yana bi ta arewa da duk manyan garuruwa, ba za ka ga komai ba sai gonaki da daji. Saboda haka ka karya shi a Potiskum, ƙarin nisan bai kai mil biyu ba. Kano zuwa Potiskum mil 151 ne a digiri 098, Potiskum zuwa Maiduguri mil 118 a digiri 086.

Yanzu lissafin iska. A ce gudunka na gaskiya not 150 ne. Iska tana zuwa daga 045, kai ka dosi 098, tsakaninku digiri 53, ta hagu kuma ta gaba. Cikin not 20 ɗin nan, kusan 16 suna tura ka gefe zuwa kudu, kusan 12 suna rage maka gudu. Ka raba 16 da 150 ka ninka da 60, za ka samu digiri 6. Wato ka karkata hanci hagu da digiri 6, ka riƙe 092. Gudunka a ƙasa zai zama not 138, Potiskum kuma minti 66. In ka yi haka ga kashi na biyu za ka samu fuska 081, gudu 135, minti 52. In ba ka son lissafin hannu, akwai manhajojin E6B na waya, irin faifan lissafin da matuƙan Amurka suka riƙe ne a yaƙin.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata ta zauna maka a ka: kuskuren digiri ɗaya yana kai ka mil ɗaya gefe a duk tafiyar mil 60. In da ka ƙi gyara digiri 6 ɗin nan, da lokacin da agogo ya ce ga Potiskum kana mil 15 kudu da ita.

Tashi

Ka hau titi mai lamba 06. Ka ɗan gangara gaba kaɗan har tayar baya ta miƙe, sannan ka kulle ta, akwai maɗaurinta a ƙasan totur. Mutane da yawa a nan suke faɗawa ciyawa, sun manta da wannan kullin. Farfela gaba duka, haɗin mai da iska a mai kauri, ƙofofin sanyaya inji a ɗan buɗe. Ka tura totur a hankali, ba fizga ba, kana duban gejin matsin iskar inji, kada ya wuce inci 48. Wajen not 45 zuwa 50 jela za ta ɗaga, daidai lokacin hanci zai nemi ya karkata hagu, ka tare shi da ɗan murɗin dama tun kafin ya yi nisa. A not 85 ka ja sanda kaɗan, zai rabu da ƙasa da kansa. Ka ɗaga tayoyi, ka rage totur zuwa wajen inci 36, farfela zuwa 2,350, ka hau da gudun not 110 zuwa 120. Kullum totur ake fara ragewa kafin farfela. Alƙaluman nan sukan ɗan bambanta daga samfuri zuwa samfuri, wasu gejin gudunsu ma da mil na tudu yake, sai ka duba takardar naka.

Don lissafinka ya fita tsaf, ka yi hawanka a kan birni. Ka kewaya Dala da Gwauron Dutse har ka kai ƙafa 7,500, ka saita inci 29 ko 30 da farfela 2,050, ka rage kaurin mai, ka daidaita jirgi har ya tsaya da kansa ba ya hawa ba ya sauka. Geji zai nuna maka wajen not 130. A wannan tsayin, gudun gaskiya ya fi na geji da kusan kashi biyu cikin ɗari a duk ƙafa dubu, ka ga ya zama 150 ɗin da muka yi lissafi da shi. Sai ka dawo ka bi ta kan filin jirgi kana fuskantar 092, ka rubuta lokaci.

Da agogon cikin jirgi za ka yi aiki, ba na wayarka ba. Dalili shi ne in ka gaji ka ninka gudun lokaci sau biyu ko huɗu, agogon jirgi zai bi, na waya ba zai bi ba.

A hanya

Cikin kwatan awa na farko za ka tsallake kogin da ya fito ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Duwatsun Dutse za su bayyana can dama. Alamar da ta fi amfani ita ce kogin Jama'are, wanda za ka ratsa wajen minti 38 zuwa 40. Kogin da ya gitta hanyarka ba zai gaya maka ko ka kauce hagu ko dama ba, amma zai gaya maka gudunka. In ka iso shi da wuri da minti biyu, to Potiskum ma za ta zo da wuri da kusan minti uku, ka gyara takarda. Bayansa Azare za ta wuce ta dama, kwaltar Kano zuwa Maiduguri kuma za ta riƙa matsowa har ku haɗu a Potiskum. A nan ka juya 081. Damaturu minti 23 ce gaba, daga nan hanya ce miƙaƙƙiya ta Beneshek har Maiduguri, filin jirgin kuma yana yamma da gari, gefen da ka fito.

Tsarin duba shi ne agogo, sannan takarda, sannan ƙasa. Ka fara sanin abin da ya kamata ka gani yanzu, sannan ka neme shi. In ka juya tsarin, ka ga gari ka shiga neman sunansa a taswira, za ka iske kowane gari ya yi kama da wanda kake fata, kuma da haka ake ɓata.

Kada ka manta da mai. DC-3 yana shan wajen galan 90 zuwa 100 na Amurka a awa. Ka rubuta lokacin da za ka sauya tanki, kada ka jira inji ya yi tari ya tuna maka.

Sauka

Da iskar arewa maso gabas, titi mai lamba 05 za ka nema. Ka fara gangarowa tun saura minti 12, ƙafa 500 a minti, ba tare da ka rufe totur gaba ɗaya ba don kada inji ya huce farat ɗaya. Ka sauke tayoyi, ka riƙa sauke filaf, wato faifan bayan fikafikai mai rage gudu, kashi-kashi, ka shigo da not 80 zuwa 85. Manyan tayoyin gaba za su fara taɓa ƙasa. Da sun taɓa ka ɗan tura sanda gaba kaɗan don kada ya yi tsalle, ka bar jela ta sauko da kanta, sannan ka ja sanda baya ka riƙe. Birki sai jela ta zauna. In ka taka shi da ƙarfi tana sama, hanci zai sha ƙasa.

Karo na biyu, da hazo

Ka maimaita komai, amma ka rage nisan gani zuwa mil uku. Duk wanda ya ga Kano a tsakiyar hunturu ya san ba a yi ƙari ba. Cikin hazo abin da ke ƙarƙashinka daidai kawai kake gani, na gaba da na gefe sun shafe, layin da ya raba sama da ƙasa ma babu, dole ka dogara da geji don ka san fikafikanka a daidaice suke.

A nan ake amfani da dabarar kauce wa da gangan. In ka nufi Potiskum kai tsaye, lokaci ya cika ba ka gan ta ba, ba ka san ko hagu take ko dama ba. Amma in tun daga Kano ka riƙe digiri 3 hagu da abin da lissafi ya ba ka, ka san tabbas kwalta tana damanka. Lokaci na cika ka ƙara minti biyu, ka juya kudu, ka sauko ƙasa kaɗan, cikin 'yan mintuna za ka ratsa ta, sai ka bi ta gabas. Kada dai ka zarce da kaucewa arewa. A 1940 Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai ɗasawa da Jamus, haka ta zauna har ƙarshen 1942, matuƙin Ingila da ya ɓata ya sauka wajen Damagaram tsare shi za a yi. Ka sa wa kanka wannan dokar: in ka tsallaka iyaka, zangon ya lalace, sai ka sake.

In ka ɓata sosai, kada ka shiga kewaye-kewaye. Ka riƙe fuskarka, ka lissafa inda ya kamata a ce kake bisa alama ta ƙarshe da ka tabbatar, ka nufi doguwar alama mafi kusa, kwalta ko kogi ko layin dogo.

Sauran hanya

Zangon Takoradi zuwa Legas shi ne mafi sauƙi, gaɓar teku tana hagunka duk tafiyar. Za ka wuce tsofaffin ganuwoyin Elmina da Cape Coast, sannan Akara da bakin kogin Volta. Togo da Dahomey, wato Benin ta yau, su ma na Vichy ne a lokacin, don haka ka tsaya ta kan ruwa har ka wuce Kwatano.

Legas zuwa Kano ya fi wuya. Kashin farko kurmi ne da gajimare mai ƙasa-ƙasa da safe. Za ka ratsa Kwara gabas da Jebba, wajen Lafiagi, ka bi tsakanin Zungeru da Minna, Kaduna ta wuce ta dama, ka faɗo kusan kan Zariya. Daga dutsen Kufena sai ka kama layin dogo ya kai ka Kano. Tafkunan Shiroro da Tiga za su yi maka ƙyalli, amma a 1940 babu su, an gina madatsunsu ne bayan samun 'yancin kai. Ko za ka yi amfani da su, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. In ka zaɓi damina, ka tashi da sassafe, don hadari yakan taso daga gabas da yamma-yamma, kuma ba a ratsa shi, kewaye shi ake yi ko a koma.

Maiduguri zuwa Njamena bai kai awa ɗaya ba. Ka nemi mahaɗar kogunan Shari da Lagwan, Kusiri a wannan gefe, Njamena a wancan. Da gwamnan Cadi Félix Éboué bai bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agustan 1940 ba, da wannan hanya ba ta yiwu yadda ta yiwu ba. Jamusawa ma sun san darajar wurin: a Janairun 1942 wani jirginsu guda ƙirar Heinkel 111 ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy ya ƙona mai.

Njamena zuwa Janaina shi ne zangon da zai gwada ka. Kusan awa uku ne a kan ƙasa mai kama da juna. Tafkin Fitri zai fito ta hagu wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar, girmansa kuma yana bin yanayin shekara. A karon farko ya fi kyau ka karya layin, ka bi ta Ati a kan kogin Batha, wanda rairayi ne zalla da rani, sannan Abeshe, sannan Janaina. Wannan ita ce kuma tsohuwar hanyar alhazan ƙasa, daga Kano ta Barno da Wadai da Darfur da Kordofan, wadda ta bar zuriyar Hausawa da yawa a Sudan. Abin da suka yi watanni ko shekaru suna takawa, kai za ka wuce shi kafin azahar. Janaina da Alfashir na yau kuwa sunayensu a labaran yaƙi ake jin su, Allah ya kawo musu sauƙi.

Tsakanin garuruwan biyu, dutsen Marra yana dama, tsayinsa ya haura mita 3,000, kusan ƙafa 10,000. Ƙafa 7,500 ɗin da ka saba ba za ta cece ka ba in ka zame kudu cikin hazo. Ka hau 11,500 tun daga Janaina. Filayen nan ma a kan tudu suke, ga zafi, jirgi zai ci titi mai tsawo kafin ya tashi.

Daga Al'ubayyid, ka sake amfani da dabarar kaucewa. Maimakon 043, ka riƙe 050 har ka haɗu da Farin Nilu, ka juya hagu ka bi shi. Madatsar Jabal Auliya, wadda aka gama a 1937, za ta gaya maka saura kaɗan, sai mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Hartum. Daga Hartum zuwa arewa Nilu yana yin babban lanƙwasa, in ka bi shi duka za ka ƙona mai a banza. Ka bi shi zuwa Abu Hamad, sannan ka kama layin dogon da sojojin Janar Kitchener na Ingila suka shimfiɗa a 1897 ya ratsa hamadar Nubiya zuwa Wadi Halfa. Tashoshinsa ba su da suna sai lamba. Wannan hanyar ta fi layin kai tsaye nisa, ka auna ta dabam. Tsohon garin Wadi Halfa yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse Nilu a Aswan cikin shekarun 1960, babban tafkin da za ka gani matuƙan yaƙi ba su san shi ba. Daga Aswan kogi zai kai ka Luksor, in kana so ka sha mai a can, sannan Alƙahira.

Ka riƙa ajiye tafiyarka a ƙarshen kowane zango, in manhajarka ta yarda ma har a tsakiya, don kada a ɗauke wuta kana saura minti goma ka isa Janaina.

Tafiya cikin ayari

In kun kai ku uku ko huɗu, ku yi ta yadda aka yi ta. Mutum ɗaya ya zama madugu, shi kaɗai ke da takarda. Sauran kowa ya kashe alamar sunan da ke fitowa a kan jirgin ɗan'uwansa, ya bi da ido. Ku daidaita rana da lokaci da yanayi tun a ƙasa, in ba haka ba iskar wani za ta bambanta da ta wani, ku yi ta rabuwa ba ku san dalili ba. Madugu ya faɗi saitin injinsa, ya kuma bar wa na baya rara, wato kada ya yi gudun da in an bar mutum a baya ba zai iya kamo shi ba. Ya sanar kafin kowane juyi, ya juya a hankali. Na baya su tsaya ɗan ƙasa da shi kuma gefe, don jirgi ya fi ganuwa a jikin sama fiye da a jikin ƙasa. Ninka gudun lokaci ba ya yiwuwa a nan, don haka ku zaɓi gajerun zanguna, Maiduguri zuwa Njamena ko Janaina zuwa Alfashir.

Mai Hurricane ya kula da kamfas ɗinsa. Yana can ƙasa bayan sanda, kwance kamar faranti. Za ka murɗa zoben zuwa digirin da kake so, ka juya jirgi har allura ta yi daidai da layukan zoben, jan baki a kan jar alama. In ka daidaita ta a juye, layukan za su yi daidai amma kana tafiya baya, Kano za ka koma alhali Maiduguri ka nufa. Kafin ku tashi, madugu ya ba kowa fuska da minti na zangon a rubuce, tare da fili mafi kusa da za a sauka in wani ya rabu da ayari.